Bishiya Kafin Bango: Yini Guda Tare da Mutanen Zangon Lome



Wata Lahadi cikin hunturu, bayan mun idar da sallar asuba, muka tashi daga tsakiyar birnin Lome muka nufi arewa, domin cika alkawarin da muka yi wa wasu magidanta 'yan Zango cewa za mu je mu ga filin da suka haɗa kuɗi suka saya don su gina wa iyalansu gidaje. Sun daɗe suna ba mu labarin wannan fili, amma abin da ya riƙa ɗaure mana kai shi ne, a duk hirar da muka yi da su ba mu taɓa jin sun ambaci bulo ko siminti ko kwano ba. Zancensu kullum na ban-ruwa ne, da ɓarnar awaki, da gara, da wanda bai zo aiki ba makon jiya. Mutum ya sayi fili don ya yi gini, sai ga shi yana kwana yana tashi da tunanin dashen mangwaro. Muka ce to, gani ya kori ji.

Dattijon da ya yi mana jagora, wanda kowa ke kira Baba, bai yarda mu kama hanyar arewa kai tsaye ba. Ya ce sai mun fara bi ta inda labarin ya soma. Saboda haka muka hau babban titin nan da ya kewaye tsohon gari, wato titin 13 ga Janairu, muka tsaya daura da dogayen gine-ginen bankuna. Gari bai gama wayewa ba, hazo ya lulluɓe saman benaye, babu kowa sai masu gadi da masu shara. Nan ne tsohon Zango yake a da, nan kuma aka haifi Baba. Ya riƙa nuna mana da sandarsa inda ƙofar gidansu take, da inda ake sauke huhunan goro, da wurin wani durumi da dattawa ke zama a ƙarƙashinsa bayan la'asar su sasanta fatake da masu masaukinsu. Mu dai ba mu ga komai ba sai kwalta da shingen ƙarfe da gilasai.

Matasanmu da yawa ba su san wannan tarihi ba, don haka bari mu ɗan tsaya a kansa. Hausawa suna cikin waɗanda suka raya kasuwar Lome tun shekarun 1880, lokacin da 'yan kasuwa suka riƙa guje wa kuɗin fiton Turawan Ingila da ke gaɓar teku ta yamma suna kafa rumfunansu a nan. Kakanninmu sun gangaro ne ta hanyar Gwanja, hanyar goro, wadda ta bi ta Salaga. Jamusawa suka kafa mulkinsu a 1884, suka mai da Lome babban birni a 1897. Tun daga wancan zamani Zango bai taɓa samun zama na dindindin ba. A ajiye shi a bayan gari, gari ya girma ya cim masa, a ce ya matsa gaba. Matsawa ta ƙarshe, wadda ta fi kowace ciwo, ita ce ta watan Oktoba na 1977, lokacin da hukuma ta rushe unguwar aka nuna wa mutanenta wani fili a Agowe, kimanin kilomita 15 arewa da gari, a gefen hanyar da ta nufi Atakpame da Sokode. Wani masani Bafaranshe mai suna Michel Agier ya zauna cikin mutanen Zango jim kaɗan bayan wannan tashi, ya kuma wallafa littafi a kan 'yan kasuwarsu a 1983.

Abin mamaki, a cikin wannan shekara ta 1977 ne gwamnatin Janar Eyadema ta ware ranar 1 ga Yuni ta zama ranar dashen itatuwa a duk faɗin Togo, bayan shekarun farin da suka wahalar da ƙasashen yankin nan. Wato a watan Yuni aka umurci kowane ɗan ƙasa ya dasa icce, a watan Oktoba kuma katafila ta bi ta kan Zango da gidajensa da itatuwansa. Ba mu kawo wannan don fama tsohon miki ba. Mun kawo shi ne saboda abin da Baba ya faɗa mana muna tsaye a wurin. Ya ce ranar tashi sun ɓalle kwanon rufi sun ɗora a mota, sun cire ƙofofi da tagogi, sun kwashe tukwane da akwatuna da allunan yara, har da katakon da bai ruɓe ba. Abu ɗaya ne kawai bai hau mota ba, shi ne inuwa.

Ita kanta kalmar zango tana ɗauke da wannan ma'ana, domin zango wuri ne da ayari ke sauke kaya ya kwana, da safe ya ɗaura ya wuce. Ga kuma wata al'ada da ta game yawancin ƙasashen yankinmu, daga ƙasar Ewe har ƙasar Hausa, cewa baƙon da aka ara wa gona yana iya shuka masara ko rogo, amma ba ya dasa icce mai daɗewa sai da yardar mai ƙasa, domin dashen icce kamar ɗora hannu ne a kan ƙasar. Da haka muka saba, kaka da kakanni, da ajiye dukiyarmu cikin abin da ke tafiya: goro, shanu, atamfa, kuɗi. Mun gwanance a fatauci da karɓar baƙi, amma ba mu cika tunanin abin da zai yi shekara goma a wuri ɗaya kafin ya amfane mu ba.

Daga nan muka haye tafkin da ya raba tsohon gari da tudu, muka hau Tokoin, inda farin yashin bakin teku ya ƙare jar ƙasa ta soma. Kafin rana ta ɗaga mun isa Zangon Agowe, muka tsaya karin kumallo wajen wata mai koko da ƙosai, ba nisa da tashar manyan motocin da ke kwasar kaya daga tashar jiragen ruwa zuwa Burkina Faso da Nijar da Mali. Wanda ya ga wurin nan yau da wuya ya yarda cewa a 1977 daji ne da gonaki. Mutanen da aka nuna wa shi sun ga ya yi musu nisa da kasuwa da abokan ciniki, shi ya sa da yawa ba su zo da farko ba, suka watsu cikin gari suna haya. Waɗanda suka daure suka zauna, in ji Baba, abin da suka fara yi bayan sun kafa rumfa shi ne dasa dogon yaro da mangwaro a ƙofar gida, saboda azabar rana.

Mun zaga lunguna muna neman waɗannan itatuwa na farko. Akwai saura, manya masu kauri, galibi a ƙofar masallaci ko gidan wani dattijo da bai bari an taɓa su ba. Amma da yawa sun tafi, kuma ba katafila ce ta ci su a wannan karo ba, mu ne da kanmu. Ƙidayar jama'a ta 2022 ta nuna mutanen Lome da kewayenta sun haura miliyan 2, kowa kuwa yana neman ɗakin kwana. Lo guda a nan ƙasar murabba'in mita 600 ne, wato mita 20 a faɗi 30 a tsawo. Maigida ya rasu, magada su raba lo ɗin biyu, kowa ya jera ɗakunan haya har jikin katanga, a sare mangwaron da ya tare wuri, a shafe tsakar gida da siminti. In watan Fabrairu da Maris suka zo, ɗaki ya zama tanda, tsofaffi da jarirai su kasa barci. In ruwa ya sauko kuma ya rasa inda zai nutse, sai ya fita titi ya nemi gidan da ya fi kowane gangare. Ba ma ɗora wa kowa laifi, don mun san ɗakin haya yana biyan kuɗin makarantar yara, dogon yaro kuwa ba ya biya. Sai dai masu filin da za mu gani duk a cikin irin waɗannan gidaje suke zaune, kuma zafin da suke sha ne ya koya musu abin da suke yi.

Muka ci gaba arewa, muka haye kogin Zio a Togblekope. Duk wanda ya yi wayo a 2008 bai manta ambaliyar da ta karya gadoji a kan wannan babbar hanya ba, ciki har da ta Amakpape, har zirga-zirga tsakanin Lome da arewacin ƙasa ta tsaya. Saboda wannan tuni ne mutanenmu suka ƙi filayen fadama duk da arahar su, suka nemi tudu. Bayan Adetikope muka sauka daga kwalta muka bi wata jar hanya mai ƙura, har muka hango taron jama'a a cikin busasshiyar ciyawa.

Babu bango ko ɗaya a wurin. Abin da ke nuna cewa unguwa ce mai zuwa shi ne duwatsun iyaka na siminti da mai awon fili ya kafa, da kuma jerin aduruku, wanda masu ƙasa ke kira kpatima, da suka saba dasawa a matsayin shinge. Magidanta ne suka yi adashe suka sayi lo-lo masu maƙwabtaka daga hannun dangi ɗaya, suka ware wurin masallaci da makaranta da rijiya. Gini bai soma ba saboda takardu suna hanya, kuɗin siminti kuma sai a hankali. Shekara ta uku ke nan suna jira. Wani daga cikinsu ne ya kawo shawara tun shekarar farko cewa, tunda dai jiran ya zama dole, to a bar itatuwa su yi jiran tare da su, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Gida ana iya gama shi cikin wata shida in akwai kuɗi, amma babu kuɗin da zai sa mangwaro ya yi inuwa cikin wata shida.

Aikin gayya ne tsantsa, ba wanda ake biya. Kowace Lahadi gidaje biyu ko uku ne ke da aiki, sauran kuma duk wanda ya sami sarari ya zo. Mun tarar da mata da 'yammata, da samari masu zemijan da suka sadaukar da cinikin safiya, da 'yan makarantar allo da malaminsu, da tsofaffi biyu da ba sa iya ɗaukar komai amma ba abin da ke wuce idonsu. Ruwa saye ake yi daga rijiyar burtsatsen wani maƙwabci, a cika jarkokin nan masu ruwan ɗorawa na lita 25, a ɗauro su a babur.

Baƙo yakan ɗauka cewa tunda Lome a bakin teku take, icce zai tashi da kansa. Ba haka ba ne. Wannan yanki na gaɓar teku yana da ƙarancin ruwan sama na ban mamaki, a shekara bai cika wuce milimita 900 ba, alhali Sokode da ke can tsakiyar ƙasa tana samun fiye da 1,200. Shi ya sa ake ganin kuka, itaciyar ƙasar Hausa, tsaye ba nisa da teku. Damina biyu ce, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, a tsakaninsu ga tsayawar ruwa ta Agusta, a bayansu ga hunturu. Ranar 1 ga Yuni tana faɗowa ne a tsakiyar ruwa, don haka duk abin da aka dasa a ranar yakan yi kore shar har a ɗauki hoto. Jarrabawar tana zuwa a Agusta, babbar jarrabawa kuma daga Disamba zuwa Maris. Gwamnati ta sa wa kanta burin dasa itatuwa biliyan 1 kafin 2030, muna kuma yi mata fatan alheri, amma a ganinmu lissafin da ya kamata a riƙa yi shi ne na waɗanda suka ga damina ta biyu da ransu. Dashe aikin yini ɗaya ne, reno kuwa na shekara uku.

Renon nan muka zauna muka kalla. A gindin kowane dashe an haƙa ɗan gurbi mai kewaye don ruwa ya tsaya, an shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kai don kada rana ta shanye danshi, amma an bar tazarar tafin hannu tsakanin ciyawar da jikin iccen, saboda in ta manne masa gara ce za ta bi ta hau. Ana barbaɗa toka da dakakken ganyen dogon yaro a kewaye. Wata hajiya ta nuna mana dabarar da ta fi burge mu: ta binne tulun ƙasa har wuya a gefen kowane lemun tsami, a cika shi ranar Lahadi a rufe bakinsa saboda sauro, ruwan ya riƙa tsattsafowa ta jikin tulun kai tsaye zuwa saiwa har mako ya zagayo. Samari sun kwaikwayi abin da gorunan roba da suka huda da allura, amma Hajiya ta ce nasu ba ya kai Laraba. Awaki da tumakin ƙauye, da shanun da ake korowa kasuwa, su ne suka cinye rabin dashen shekarar farko, sai da aka saƙa wa kowane icce kwando da ganyen kwakwa. Da shigowar Disamba kuma sai a share ciyawa a kewayen filin gaba ɗaya, a bar fili fetal mai faɗi, domin wutar da masu farautar naman daji ke cinnawa ba ta san dutsen iyaka ba.

An yi ja-in-ja a kan abin da za a dasa. Maza sun fi son dogon yaro, don saurin girmansa da jurewar fari. Iccen nan asalinsa daga ƙasar Indiya ne, zamanin Turawa ya bazu a ƙasashenmu, kuma alhazanmu sun sha inuwarsa a filin Arfa inda aka dasa shi da yawa. Mata suka ce sun ji, amma inuwa ba ta shiga tukunya. Suka kawo zogale, wanda ake fara tsinkar ganyensa cikin 'yan watanni, da gwanda mai 'ya'ya cikin shekara guda, da shuwaka, da lalle, da lemun tsami, da 'yan kuka ƙanana waɗanda ba a jiran su girma, ganyen miya kawai ake so. Mangwaro mai aure aka zaɓa, don yana soma haihuwa a shekara ta uku ko ta huɗu, na ƙwallo kuwa sai ya ninka haka. A ƙarshe aka raba: dogon yaro da maɗaci a bakin hanyoyi da harabar masallaci, masu 'ya'ya da na miya a cikin gidaje. Turare kuwa aka ce kada ya kusanci inda za a haƙa rijiya, saboda shan ruwansa. A ra'ayinmu matan ne suka ceci aikin, domin iccen da ake cin amfaninsa kowace rana ba a saurin ɗaga masa gatari.

Amma itatuwan da suka fi kowane tsawo a filin ba wanda ya dasa su. Lokacin da aka sayi wurin cike yake da kututturan da masu gawayi suka bari, an kuma yi niyyar tumɓuke su. Wani saurayi ɗan Maraɗi, mai sayar da shayi a Zangon Agowe, shi ya hana. Ya ba su labarin abin da ake kira sassaben zamani a ƙasarsu: tun daga 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, tare da manoman Maraɗi suka lura cewa kututturen da ake ɗauka matacce ne saiwarsa tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, kuma tohon da yake fitarwa kowace shekara, in aka zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi aka datse sauran, sai su zama icce. Da wannan dabara, wadda ba ta bukatar gandun reno ko ban-ruwa, manoman Nijar suka farfaɗo da itatuwa a gonakin da aka ƙiyasta sun kai kadada miliyan 5. Saurayin ya ɗauki wuƙa ya nuna musu yadda ake yi. Yau wasu daga cikin kututturan nan sun fi mutum tsawo nesa ba kusa ba, ba tare da sun sha ko kofi ɗaya na ruwan jarka ba.

Da rana ta take muka taru a ƙarƙashin wani tsohon mangwaro don cin abinci, a nan ne kuma muka gane cewa babban abin tsoron masu aikin ba akuya ba ne, ba wuta ba ce. Ranar da za a soma gini suke tsoro. A cikinsu akwai wani magini da ya yi shekaru yana aiki a unguwannin Lome, shi ya yi mana bayani dalla-dalla, yana mai cewa shi kansa ya kashe itatuwa da yawa ba da gatari ba. Direban tifa in ya zo da yashi ko tsakuwa, gindin icce yake nema ya juye. Leburori a inuwa suke kwaɓa siminti, a nan suke wanke shebur da baro, ruwan siminti kuwa yana ƙona saiwa. Mai haƙa harsashi yana datse duk saiwar da ta gitta masa, ƙasar da ya fitar kuma ya tara ta a gindin iccen har ta shaƙe shi. Mutane suna zaton saiwa can ƙasa take nutsewa, alhali yawancin saiwoyin da icce ke ci da sha da su suna cikin kamu ɗaya ko biyu na saman ƙasa, suna kuma bazuwa har su wuce inda rassa suka kai. Mota mai nauyi in ta yi ta bi ta kansu, ƙasa ta danƙare, iska da ruwa su daina shiga. Iccen ba ya mutuwa nan take. Sai bayan shekara biyu ko uku, an tare a gida an manta da gini, a ga yana bushewa daga sama, a ce ai tsufa ne ko sammu.

Don haka suka yi wa kansu ƙa'ida. Duk iccen da za a bari, a kafa masa turaku a kewaye daidai inda inuwarsa ta tsaya da tsakar rana, a ɗaure da igiya, kada yashi ko siminti ko tayar mota su shiga ciki. A faɗa wa magini wannan tun ranar ciniki, gaban shaidu. Mangwaro da dogon yaro kada su kusanci harsashi ko ramin salga da ƙasa da taku bakwai zuwa takwas, don saiwarsu tana ɗaga daɓe tana tsaga bango. Kuma kowane maigida ya zana inda ɗakunansa za su zauna tun yanzu, ya dasa a inda ya san ba zai gina ba. Sun ji labarin abin da ya sami shingen itatuwan da aka soma dasawa a kewayen Yamai a 1965, wanda daga baya rabon filaye da gine-gine suka cinye babban ɓangarensa, sun kuma san cewa abin da ya ci na hukuma ba zai ji nauyin nasu ba.

Sai dai ƙa'ida a baki daban, a ƙasa daban. Mangwaron da muke zaune a ƙarƙashinsa yana tsakiyar rabin lo na wani matashi mai 'ya'ya huɗu, wanda yake zaune da iyalinsa a ɗaki ɗaya na haya. Murabba'in mita 300 ke gare shi. In ya bi ƙa'idar turaku, abin da zai rage masa bai isa ɗaki biyu da madafa ba. Ya miƙe cikin ladabi ya ce, Baba, ni ma ina son inuwa, amma yarana ba za su kwana a kan reshe ba. Wuri ya yi tsit, domin kowa ya san gaskiya ya faɗa, kuma yana cikin waɗanda ba su taɓa fashin Lahadi ba. Wasu suka ce a sare, ai an dasa wasu. Magini ya ce waɗanda aka dasa sai 'ya'yan wannan matashi sun yi aure kafin su kai haka. Hajiya mai tuluna ta kawo shawarar a yi musanya, a mai da wurin masallaci nan, mangwaron ya zama inuwar masu jiran salla da 'yan makaranta, shi kuma a ba shi daga filin da aka ware wa masallaci. Shawara ce mai kyau, amma tana nufin a sake kiran mai awo, a sake zane, a sake biyan kuɗi, takardun da aka yi shekara uku ana bi kuma wataƙila su koma baya. Har muka tashi ba a yanke hukunci ba. An ɗage maganar zuwa bayan sallar Juma'a, a ƙofar gidan Baba.

Akwai kuma wata kuka babba a gefen gabas, wadda dangin da suka sayar da filin suka roƙa a bar musu ita tsaye, don a gindinta kakanninsu suke hutawa in sun zo gona. Mutanenmu sun amsa, kuma sun kyauta. Masu ƙasar nan suna da tsohuwar alaƙa da itatuwa. Sunan Lome kansa, kamar yadda ake ba da labari, ya samo asali ne daga kalmar Ewe mai nufin cikin itatuwan alo, waɗanda ake yin asuwaki da su. Kurmin Be kuma yana nan a tsakiyar birni, gine-gine sun kewaye shi ta ko'ina, bai ɓace ba saboda yana da masu tsaronsa. Aƙidarmu daban da tasu, amma maƙwabtaka tana da hakki, kuma malamin makarantar allo ya tunatar da yaransa a wurin cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga abin da ka dasa, sadaka ce gare ka.

Kafin mu tafi mun tambayi Baba ko yana ganin itatuwan nan za su tsare musu filin. Duk mai yawo a Lome ya saba ganin katangu da aka rubuta wa cewa wannan fili ba na sayarwa ba ne, saboda yawan sayar da fili ɗaya ga mutum biyu, kuma shari'ar filaye ta cika kotuna duk da sabuwar dokar ƙasa da aka kafa a watan Yuni na 2018. Baba ya girgiza kai. Ya ce filin da ake zuwa kowane mako ana aiki a cikinsa ya fi wuyar sata a kan wanda aka bari ciyawa ta cinye, maƙwabta kuma sun san fuskokinsu, za su iya ba da shaida. Amma kada kowa ya ruɗi kansa, icce ba titir ba ne. Durumin tsohon Zango ya fi duk waɗannan girma, bai kuwa hana komai ba. Shi ya sa a kowane taron adashe kuɗin takarda ake fara cirewa, sa'an nan na ruwa, siminti ya zo na uku.

Bayan la'asar aka tattara jarkoki, yara suka bi layi suna leƙa tuluna ko an rufe bakin kowane. Muna kan jar hanya za mu koma kwalta sai muka yi kiciɓis da tifa cike da yashi tana tangaɗi ta nufi wajen filin. Ɗaya daga cikin magidantan ne ya sami kuɗin buga bulo, bai kuwa faɗa wa kowa ranar da yashin zai iso ba. Magini ya leƙa ta taga ya ce a tsaya. Ya sauka, ya tare wani saurayi mai zemijan da ke bayanmu, ya haye, suka juya cikin ƙura suna ƙoƙarin riga tifar isa, don ya nuna wa direba inda zai juye.